Dalilin da Na Hana Ka Rubutawa

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na dame ka. Kana raye ma ba na son kiranka lokacin aiki, nakan bari sai ka kira da kanka, balle yanzu da kake kwance inda ba a ta da mutum don maganar akuya. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba. Addu'a ce kaɗai ke isa, kuma ina yi maka ita bayan kowace salla. Amma akwai magana a bakina da ta ƙi zama addu'a, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai, tunda ni da kai muka ƙulla ta.

Bari in fara da labarin gida, yadda ka saba tambaya. Inna tana nan, ƙafar ce dai. Matarka ta fita takaba, ta koma gidansu a Agiye, amma tana kawo mana ɗiyarka duk hutun lakol, in an rufe makaranta. Yarinyar ta ɗauko tafiyarka, da kai a sunkuye kamar mai neman allura a ƙasa. Hatsi bana ba laifi, wake ne bai yi ba. Jar akuyar da ka saya mini a kasuwar Gangara, wadda ka ce in riƙa tuna ka da ita in ka daɗe a Maradi, ta sake haihuwa. Tana nan da halinta na cin igiyar shanya.

Aikinka ma yana tafiya. Har yau matan ƙungiyarmu ta aron awaki ba su iya cewa manhaja ba, muryar Lawali suke cewa, tunda kai ka ɗauki muryar da ke kiran wayoyinsu. Wata za ta ce muryar Lawali ta ce gobe allurar awaki, wata ta ce muryar Lawali ta tashe ta daga barcin rana. Da farko in na ji nakan shiga ɗaki. Yanzu na saba, ko kuwa in ce na rage.

Ka tuna yadda muke kafin ka yi mana ita. Habbanaye muke yi, kamar yadda muka koya wurin matan ruga: a ba mace aron uwar akuya, ta haihu a hannunta, 'ya'yan su zama nata, in an yaye su ta miƙa uwar ga wadda ke biye. Abu mai sauƙi a baki. Amma da garuruwa suka yi yawa sai rigima ta shigo, kowa na cewa layinta ne. Shi ne ka zo hutu, ka zauna kan tabarmata a inuwar dogon yaro da na'urarka a cinya, ka ce za ka yi abin da zai riƙe layin, ya kira kowa ya gaya mata abin da ke gabanta.

Ka ishe mu da tambaya a watannin nan. Kome aka ce maka sai ka ce don me. Har mata suka sa maka Malam Don-me, in sun hango ka su ce a ɓoye dalilai ga mai karɓa nan ya zo. Kai kuwa sai dariya. Ka nuna mini cewa a cikin manhajar, gefen kowace ƙa'ida, akwai wurin da kake rubuta dalilinta, wurin da mu ba mu gani, sai mai gyara. Don me murya ba rubutu ba: don yawancinmu ba mu karanta boko. Don me ba ta kira da safiyar kasuwa: don wayoyi suna rumfar mai caji, masu su suna hanya. Don me ba ta ƙirga watanni ta ce an yaye ɗan akuya da kanta, sai uwar ƙungiya ta tabbatar: don da rani nono yakan ja baya, ɗan akuya ba ya bin wata. Har abin da ka gwada ka bari kana rubutawa, da abin da ya sa ka bar shi. Na ce maka wannan wahala ce, kai ka yi abin, kai ka san shi. Ka ce ba don kanka kake yi ba, don wanda zai zo bayanka ne, kada ya ga ƙulli ya kwance bai san abin da aka ɗaure da shi ba.

Ƙa'ida ɗaya ce ka bari babu dalili a gefenta. Ni na sa.

Da farko ka shirya cewa in layin mace ya zo, manhaja ta kira lambarta kai tsaye, ta ce mata akuya tana gidan wance, a je a ɗauko. Na ce a'a. Na ce ta kira uwar ƙungiya, ita ta je ta karɓo akuyar, ta kai ta da ƙafarta, ta sa igiya a hannun matar a gaban mata biyu. Ka ce wannan zagaye ne mai tsawo. Ka ce don me.

Na yi ta kewaye-kewaye, ka ƙi sakina, har na gaya maka maganar Hajo. Hajo dai tamu, ta rugar gabas, mai kawo mana nono. Shekarun baya kawunta ya ba ta habbanayen tunkiya, ya aiko a je a ɗauka. Mijinta ne ya je. Ba zan rubuta sunansa ba ko a nan. Tunkiyar ba ta taɓa ganin ruga ba, a kasuwa ta ƙare. Hajo ta ce wa kawunta ciwo ya kashe ta, ta ɗauki kunyar ita kaɗai. Ni ta gaya wa, a bayan rumbuna, tana kuka ba sauti, ta ce in riƙe. Kuma lambar da Hajo ta ba ƙungiya ta wayar mijinta ce, kamar mata da yawa.

Da na gama ka ce na yi gaskiya, za ka gyara. Sai na ga ka fara rubutu. Na riƙe hannunka. Na ce na riga na ci amana sau ɗaya da na faɗa maka, ba za a rubuta ta ta zauna ba. Ka ce ba za ka sa suna ba. Na ce ko ba suna, duk wanda ya karanta zai tambaya wace ce, kuma gari ƙarami ne. Na tuna maka abin da muka karanta a makarantar allo a kan giba da tona asirin musulmi. Na sa ka yi mini rantsuwa, ni da ba na son a yi rantsuwa a gabana.

Ka yi. Amma ka ce, Yaya, wanda zai zo bayana zai ga wannan zagayen ba dalili, zai ɗauka kuskure na yi, zai cire shi.

Ka tuna amsar da na ba ka? Na ce ina za ka? Na ce ni na goye ka, ni zan riga ka tafiya, ka bar zancen wanda zai zo bayanka. Har da dariya na faɗa, Lawali. Damina biyu ba ta cika ba zazzaɓin nan ya kwantar da kai, muka kai ka likita, muka dawo da kai a kwance.

Bayan rasuwarka, waɗanda suka ba mu awakin farko suka ɗauko wata yarinya daga Maradi ta riƙe manhajar. Nafisa sunanta. Ina so ka sani ba ta da laifi ko kaɗan. Yarinya ce mai hankali, ba ta taɓa kome ba sai da ta karanta duk abin da ka rubuta. Ta ce mini kamar kana zaune kusa da ita kana yi mata bayani. Akwai abubuwan da ta so ta canja, da ta ga dalilinka ta bari. Akwai wanda ta ga dalilin ya wuce, ta canja, ta rubuta nata a ƙarƙashin naka.

Sai koke ya taso a kan zagayen nan. Ka san Hajiya Kulu, uwar ƙungiyarmu, ta tsufa. Wayarta rabin mako a mace take. Saƙo ya zo ya kwana, ya yi mako, akuya tana zaune gidan da ta gama aiki, mai jira tana jira. Mata suka ce muryar Lawali ta fara nawa. Nafisa ta duba gefen ƙa'idar don ta ga abin da ya sa ka yi haka. Ba ta samu dalili ba. Layi ɗaya ta samu.

Ta hau kabu-kabu daga Agiye ta zo har gidana, ta zauna kan tabarmar da kake zama. Ta juyo mini na'urar, ta karanta mini abin da ka rubuta: a tambayi Yaya Barira.

Ashe haka ka yi. Ka cika rantsuwarka, ba ka rubuta kome ba, amma ka bar ƙofa a buɗe, ka tsayar da ni a bakinta. Ka yarda cewa in ranar ta zo zan yi magana.

Na ce mata Allah ne masani.

Ka ga irin wayon da na yi? Ban yi ƙarya da harshena ba. Allah ne masani, haka ne. Na ɗauki magana ta gaskiya na rufe gaskiya da ita, sannan na tashi na dama mata fura. Ta sake tambaya a hankali, ta ce ko akwai wani abu ko kaɗan da na tuna, don ba ta son cire abin da ka sa. Na ce ta sha furarta kada ta yi tsami. Ta koma, ta cire zagayen, ta rubuta a gefe cewa an tambaya ba a samu dalili ba, kuma ana jinkiri. Ta yi duk abin da ya kamata mai amana ta yi. Ni ce na zauna a kan amsar.

Na gaya wa kaina layin Hajo da saura. Na gaya wa kaina mutumin ya girma, ƙila ya canja, kuma zato zunubi ne. Na ce gobe zan kira Nafisa. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.

Bayan girbi layin Hajo ya zo. Wayar ta yi ƙara a aljihun mijinta. Abin da ya fi ci mini rai, Nafisa ba ta sake ɗaukar wata murya ba, saƙon da ke zuwa wa Hajiya Kulu ta juya zuwa lambar mai layi. Muryarka ce, Lawali. Kai ka ce masa layin Hajo ya zo, akuya tana gidan wance, a je a ɗauko. Ya je da babur, ya kunna wa matar gidan saƙon, ta ji muryarka, ta kwance masa akuya. Wa zai yi gardama da muryar Lawali? Ranar kasuwa ce washegari.

Hajo ba ta ma san layinta ya zo ba sai da Hajiya Kulu ta je duba lafiyar akuyar. Hajo ta tsaya tana kallon turkenta babu kome. Sannan ta ce akuya ta tsinke ta ɓata a daji. Irin amsar da ta ba kawunta.

Ba wanda ya yarda. An ga akuyar a kasuwa, akuya mai yankakken kunne ba ta ɓuya. Mata suka ce Hajo ta haɗa baki da mijinta sun sayar. A bakin famfo wata ta ce akuyar Hajo ta yi karatu, ta san hanyar kasuwa da kanta. Wata ta ce matan ruga su suka koya mana habbanaye, ga shi suna koya mana yadda ake cinye shi. Ina tsaye da bokitina ina ji. Ka san dokarmu: wadda ta sayar da uwar akuya an cire ta, ba ta sake shiga. Ranar Alhamis mai zuwa za a zauna a kanta. Kuma ka san ba akuyar ce kaɗai ba. A wurin mutanen ruga, macen da aka ce ta ci habbanaye, ko ɗiyarta ba a sake ba aro. Hajo ta daina shigo da nono gari. Ta bayan gonaki take bi ta kai wani wuri.

Na je wurin malam na tambaye shi ba tare da suna ba. Ya ce faɗar abu don kare mutum daga cuta ba giba ba ce, kuma ya yi mamaki da na tambaya, tunda mun karanta wannan. Gaskiyarsa. Na sani tun ranar da na riƙe hannunka. To me ya hana ni? Na daɗe ina juya wannan. Tsoron Allah yana ciki, ba zan ce babu ba. Amma akwai wani abu kuma. Ina son yadda ake cewa in ka gaya wa Barira magana kamar ka jefa ta rijiya. Ina son sunan nan. Na tsare shi fiye da yadda na tsare Hajo. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da kana raye ban san ko zan iya faɗa maka ba.

Shekaranjiya na ɗaura zane na tafi ruga da hantsi. Na iske Hajo tana wanke ƙwarya. Ta shimfiɗa mini buzu, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni na kasa farawa, ita ta ƙi tambaya. Daga baya na gaya mata duka: yadda na faɗa maka sirrinta, yadda ka yi zagayen saboda ita, yadda na hana ka rubutawa, yadda Nafisa ta zo na ba ta fura. Na zaci za ta yi fushi a kan na faɗa maka. Ba ta ko tsaya a nan ba. Ta kife ƙwaryar, ta dube ni, ta ce:

“Barira, sunansa na ba ki ajiya. Ban ce ki bar wata ta faɗa inda na faɗa ba. Ga shi ni na sake faɗawa.”

Abin da ka ce mini ke nan tun farko. A rubuta dalili, a bar suna. Na sa ka rantse a kan abin da mai sirrin ma ba ta roƙa ba.

Daga nan na kira Nafisa, ina tsaye a kan hanya, kafin zuciyata ta sake ba ni wata shawara. Na ce mata ranar da ta zo na san amsa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce in faɗa mata a hankali tana rubutawa. Ga abin da ke gefen ƙa'idarka yanzu, ta karanta mini na ce haka ne: yawancin wayoyin da ke cikin jerin nan a aljihun maza suke kwana. Saƙo ya je wa uwar ƙungiya, ta kai akuya da kanta, ta sa igiya a hannun matar a gaban shaidu. An taɓa cire wannan, akuya ta salwanta a hanya.

Ka ga, babu sunan kowa. Layi uku ne. Su na hana ka.

Kuma da ta san dalilin, nan take ta ga maganin jinkirin da ya sa aka cire shi. Ta ce in Hajiya Kulu ba ta ɗauka ba, manhaja za ta kira mataimakiyarta, macen da wayarta tata ce. Da na buɗe baki ranar nan, da tun a kan tabarmata aka gama. Ta kuma ce za ta dawo ta zauna da ni, don tana zaton akwai sauran abubuwa a kaina da ba a rubuta ba. Na ce ta zo. Na ce ta tambaye ni don me har sai na gaji, kuma in na ce Allah ne masani kada ta tashi.

Saura Alhamis. Na yi wa Hajo alkawari sunan mijinta ba zai fito daga bakina ba. Mutane za su gane, ita ma ta san za su gane, amma ta ce ganewa daban, faɗa daban, tana da 'ya'ya da shi. Abin da zan tashi in ce shi ne, a dokarmu amana ba ta hawa kan mace sai an sa mata igiya a hannu gaban shaidu. Ba wanda ya sa wa Hajo igiya a hannu. Hanyar da ke kai igiyar an cire ta, kuma an cire ta ne don an tambaye ni na yi shiru. In za a cire wata daga ƙungiya, ga ni. Ka san ban taɓa magana a taro ba, muryata ba ta kai bayan tabarma ta biyu. Tun jiya nake gwadawa a madafa, Inna tana tambaya da wa nake faɗa.

Sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Layin ba zai tsaya babu uwar akuya ba, akwai masu jira bayan Hajo. Ba ni da abin da zan mayar sai jar akuyarka. Na yi niyyar in ja ta zuwa wurin taron, in ba Hajiya Kulu igiyar, ita ta sa a hannun Hajo a gaban kowa, yadda ka tsara. In ta shiga layi ba za ta dawo gidana ba, daga hannu sai hannu har ta tsufa. Ita ce abu na ƙarshe da ka ba ni da hannunka. Ɗazu na je na ba ta dusa, ta kama bakin mayafina tana tauna, na tsaya na bar ta.

Ka ba ni ita don in riƙa tuna ka. Ka yarda in ba da ita? Ina ganin za ka yarda, har ka ce don me na tsaya tambaya. Amma na taɓa yanke hukunci a kan abinka ban saurare ka ba, ba na so in sake.

Rantsuwar da na sa ka yi, na warware maka ita. Nauyinta a kaina yake, ba a kanka ba, kuma na roƙi Allah Ya rubuta haka. Ka yafe mini hannunka da na riƙe. Ka yafe mini dariyar da na yi da ka ce wani zai zo bayanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Na san ba a amsa takarda daga inda kake. Duk da haka ina roƙonka, in akwai hali, ko a mafarki ne, ka ba ni amsa da wuri, kafin Alhamis.

Yayarka da ta goye ka,
Barira, daga Gangara